Rigar da Na Yi wa Yayyafi

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu na nan Kumasi da na nesa. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da ruwan nan da ya ƙi ɗaukewa. Kafin in ce komai ina roƙon abu ɗaya don girman Allah: ku bari ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na san za ku zage ni, ni ma mako biyu ke nan ba abin da nake yi sai zagin kaina, amma ku ji maganar duka tukuna. Sunana ba zai fito ba, na asibitin da nake aiki ma haka, kuma duk sunan da kuka gani a nan na aro ne. In rubutun ya karkace ku yi haƙuri, a bariki na koyi boko, kuma tun da na zauna sau uku ke nan ina tashi ina zagaya ɗaki.

Ni tsohon soja ne. A yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, masu rauni nake ɗauka, da aka sallame mu na dawo Zango na sami aiki a asibiti, irin aikinmu na ƙasa: ɗaga mara lafiya, wanke tasa, dafa allura da almakashi, tafinta tsakanin likita da mutanenmu. Kowa Soja yake kirana. Shekara huɗu ke nan da aka mai da ni ɗakin masu agana, saboda ina da lambar rigakafi tun ta soja kuma ba na tsoron gawa. Wani dogon ɗaki ne mai rufin kwano can bayan asibiti, an kewaye shi da waya, shi ya sa mutanen Zango ke ce masa Bayan Waya. Mai riƙe da wurin wata Sista ce 'yar Asante, gajeriya, ba ta kai kafaɗata ba, amma ko sajanmu na bariki bai kai ta sa mutum rawar jiki ba. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Dokarta guda ce kuma ta sa na haddace ta: duk abin da ya shiga Bayan Waya ƙofa biyu gare shi ta fita, tukunya ko wuta. Abin da zai dafu a jefa shi babbar tukunyar ƙarfe ya yi ta tafasa, abin da ba zai dafu ba a zuba masa kananzir a ƙyasta ashana. Babu ta uku.

Ranar da na fara aiki da ita, na dawo daga sallar azahar zan taɓa kwanon allura, sai ta daka mini tsawa.

"Soja! Ka wanke hannu?"

"Yanzu na yi alwala, Sista."

"Alwala na Allah ne. Sabulu nawa ne. Koma."

Na koma ina gunaguni, da yamma kuma na ba da labarin a bakin masallaci aka yi ta dariya, na ce matar nan ta fi liman yawan wanke hannu. Amma a hankali sai na fi ta tsanani. Ni ne na taɓa korar wani alhaji guda da ya zura hannu ta cikin waya zai yi musafaha da ɗansa, har yau ba ya amsa gaisuwata. Ni ne ke kama matan da ke cusa wa 'ya'yansu zane ta ƙasan waya don su karɓe shi gobe. Ina alfahari da haka, ba zan ɓoye ba. In na ga sabon ma'aikaci ya yi sakaci har tsaki nake yi, ina cewa a raina wannan bai ga duniya ba. To ga wanda ya ga duniya nan yana rubuta muku wasiƙa.

Akwai wani dattijo a unguwar Alabar, bari in ce masa Malam Garba, farken goro. Lokacin da na dawo daga yaƙi ba ni da kowa a garin nan, shi ya samo mini ɗaki, shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar ɗaurin aurena. Bana bayan an sauke tutar Turawa an ɗaga tamu, ya yi tafiya arewa da kaya, ciwon ya kama shi a hanyar dawowa. Ku riƙe wannan, don komai a kansa yake: bai shiga gidansa ba. Daga tashar mota aka ɗauko shi kai tsaye zuwa wurinmu, ƙurajen sun riga sun feso masa a fuska da tafin hannu. Yana sanye da wata babbar riga saƙi, tsohuwa mai nauyi, an yi mata aiki da zaren tsamiya a wuya da aljihu. Da hannuna na cire masa ita. A ranar ya kamata ta ci wuta, amma ya riƙe gefenta gam, ni kuma na dubi fuskar da ta tsaya mini a gaban surukaina na kasa fizgewa. Na cusa ta ƙarƙashin matashinsa. Kwana goma sha ɗaya, duk lokacin da sanyi ya kama shi da ita yake lulluɓa a ƙarƙashin bargon asibiti.

Da hantsin ranar da zai cika ya yafito ni. Muryarsa ta dishe, sai da na sunkuya.

"Soja, rigar nan ta ubana ce. Daga Kano ya sauko da ita da ƙafa. Ba ni da gida, ba ni da gona, ita ce gadon. Ka kai wa ƙanena Salifu."

"Malam, ka san doka."

"Dokar wa? Baturen ma ya tafi. Amana na ba ka, Soja. Ka ce to."

Na ce to. Ku gaya mini, wa zai ce a'a? Mutum yana kan gargara, ya riƙe maka hannu, ya ambaci amana, sai ka ce masa Sista ta hana? Kafin azahar ya riga mu gidan gaskiya. Sista ta ce in tattara kayansa. Na ɗaure tabarma da bargo da wando da hula, na zuba kananzir, na tsaya har suka zama toka, ita tana hangen hayaƙin daga taga. Rigar kuwa tana cikin bokiti a bayan rumfar wanki, na rufe ta da buhu.

Ga inda nake so ku fahimce ni, ko da ba za ku yafe mini ba. Tukunyar tana nan a gabana, taku biyar, tana tafasa. Da na jefa ta ciki da yanzu ba na rubuta wannan takarda. Amma duk wanda ya san saƙi ya san in aka dafa shi shunin zai zuba ya shiga aikin tsamiya, rigar ta fito kamar tsumman goge tukunya. Da wane ido zan kai wa Salifu wannan in ce ga gadon ubanku? Sai kaina ya koma kan abin da malaminmu ya koya mana tun muna yara. In najasa ta taɓa tufa, ka wanke wurin da ruwa mai tsarki har launinta da warinta su gushe. In kuwa kana shakka ko ta taɓa ko ba ta taɓa ba, yayyafi ya isa. Haka na yi. Na wanke wuyan da bakin aljihun da ruwan sanyi, inda ruwan ƙurajen ya bar tabo, na dirje da yatsa har tabon ya fita, na shinshina ban ji komai ba. Sauran jikin rigar, duk faɗinta da ninkinta, na yi bismilla na tsoma hannu a ruwa na yayyafa mata. Ko rana ban bari ta sha ba, a inuwa na shanya ta don kada launi ya koɗe. Shekara nawa ina jin likitoci suna cewa ƙwayar cuta ba ta da launi, ba ta da wari? Ni da bakina nake fassara wa mutane wannan maganar! Amma a ranar wallahi zuciyata a natse take. Har daɗi na ji, ina ganin na bi Allah na kuma yi tsabta.

Ranar sadakar uku na sa ta a jakata ta soja, lokacin cin abincin rana na fita da ita ta ƙofar baya na nufi Alabar. Matar Malam, bari in ce mata Mma Adiza, tana cikin takaba a ɗaki. Ita ta yi agana tun tana ƙarama, zanzanar tana fuskarta, ba abin da zai sake kama ta. 'Yarsu guda ce, Memuna, shekararta bakwai. Na kira Salifu gefe, direban babbar mota ne mai zama a unguwar Suame, muka shiga ɗakin na buɗe jakar. Mma Adiza ta ga rigar ta rushe da kuka. Salifu ya ja baya kaɗan, ya dube ni.

"Soja, ba komai a jikinta?"

"Na tsarkake ta," na ce.

Da ya ji kalmar tsarki sai ya miƙo hannu biyu ya karɓa. Na ce su rufa mini asiri, aikina ne a ciki. Suka ce za a sa ta a adaka a kulle sai ranar sadakar arba'in, a fito da ita a gaban mutane a ba Salifu kamar yadda mamaci ya ce. Na koma aiki ina tafe ina jin kaina wani mutumin kirki.

Kwana goma sha bakwai bayan haka aka shigo da Memuna Bayan Waya a goye. Ban gane ta ba sai da na ga uwar a bakin waya. Ashe ba ta da lamba, ranar da masu yin lamba suka shiga gidansu an ɓoye ta a bayan huhunan goro don tana tsoron ƙarfe. Sista ta duba ta, ta tambayi 'yar wane ne, na faɗa. Sai ta fara lissafin kwanaki da yatsu. Ta ƙirga gaba, ta ƙirga baya, ta ɗago ta dube ni.

"Soja, babansa bai shiga gida ba koraa, ko sau ɗaya. Yarinya bai zo nan ba. To ina ya samu?"

"Zango ne, Sista. Baƙi suna sauka kullum."

"Yoo. Wani gida akwai agana a layinsu?"

"Ban ji ba."

"Kayan babansa, ka ƙone duka?"

"Duka, Sista."

Ta daɗe tana kallona. Na sha ganin bakin bindiga ban ji abin da na ji a gaban wannan gajeriyar mata ba. Duk da haka a ranar ban yarda ni ne ba. Na ce wa kaina rigar tana kulle a adaka, yarinya ina za ta gan ta? Na ce ai na wanke, ai na yayyafa, ai kwana nawa. Mutum in yana son ya yaudari kansa ba ya rasa hujja, kuma ni na tara su da yawa.

Washegari 'yan tankas, masu duba tsabtar gari, suka dira gidan. Suka yi wa kowa lamba, mai so da marar so, suka fito da katifar Mma Adiza da tabarminta da zannuwanta har da labulen ƙofa suka cinna musu wuta a tsakar gida, mace tana takaba, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Rigar ba su same ta ba. Tun da ta ga ƙuraje a jikin 'yarta ta san za su zo, ta sa Salifu ya ɗauke adakar a motarsa ya kai gidansa a Suame. Tana can har yanzu.

Kwana biyu da kawo yarinyar na san gaskiya, kuma ba bincike na yi ba, godiya aka zo yi mini. Mma Adiza, duk da takabar, kullum da safe tana zuwa bakin waya ta tsaya ta hangi gadon 'yarta ta taga, kuma ba ta zuwa hannu wofi, sai da koko da ƙosai a rufe, wai nawa. Rannan ta miƙo mini ta ce, "Soja, ban san da bakin da zan gode maka ba. Ka san bayan rasuwar Malam yarinyar nan ta ƙi ci ta ƙi sha, sai kuka, wai ba a bar ta ta ga babanta ba. Da na rasa yadda zan yi sai na buɗe adaka na ɗauko rigar na rufa mata. Ka ga yadda ta yi shiru? Kwana uku tana naɗe a ciki, tana cusa fuska a aljihun, wai yana ƙanshin goro da turarensa. Ba don kai ba da ko ƙanshin ubanta ba ta samu ba. Allah ya saka maka da alheri, Allah ya jiƙan mahaifanka."

Na ce amin. Wallahi amin na ce. Na karɓi kwanon, ƙafafuna suka kai ni bayan rumfar wanki, na durƙusa daidai inda na yi yayyafin. Aljihun! Bakinsa kawai na wanke. Ban juya shi ba, ban kakkaɓe cikinsa ba, kuma a nan Malam yake cusa hannuwansa masu ɓawon ƙuraje in sanyi ya dame shi.

Tun daga ranar ban sake zama wuri ɗaya ba. Abinci ba ya wuce mini, matata tana tambaya ko an yi mini sammu ne, na ce aiki ne. A wurin aiki na zama abin dariya: cokali ɗaya sai in dafa shi sau uku, hannuna har ya tsattsage don sabulu. Sista ta ce, "Soja, za ka cinye sabulu na gwamnati." Ba ta yi dariya ba da ta faɗa, kallona kawai take yi. Kuma ni ne ke jinyar Memuna. Ni ke ɗiga mata ruwa a baki, ni ke shafa mata magani, ni ke ɗaure mata hannu da tsumma don kada ta sosa fuska. Baba Soja take ce mini. Wata rana zazzaɓi ya hau ta tana sambatu, Sista tana tsaye a kanta, sai yarinyar ta fara cewa a ba ta rigar Baba, a ba ta rigar da Baba Soja ya kawo. Sista ta juyo.

"Me ya ce?"

"Babanta take kira, Sista."

"Na ji riga. Wane riga?"

"Wai a sa mata riga, sanyi take ji."

Shekara goma sha biyu ina tafinta, ban taɓa juya maganar mara lafiya ba ko da zagin likita ya yi, sai dai in sassauta. Ranar na juya maganar yarinya 'yar shekara bakwai a gaban idonta. Sista ta ce yoo, ta ja mata bargo ta wuce. Ban sani ba ko ta yarda, ko jira take in kawo kaina.

Memuna za ta rayu, alhamdu lillahi, ƙurajen sun bushe suna zuba. Amma idonta na hagu ya yi fari fat, likita ya ce ya tafi ke nan. Na dama ya tsira. Da uwar ta ji, ta share hawaye ta ce haka Allah ya rubuta, ta kuma miƙo mini ƙosai. Da wannan ƙosan, gara ta ɗauki dutse ta jefe ni.

Na je wurin wani malami a Bantama, nesa da unguwarmu inda ba a san ni sosai ba. Na kewaya, na ce wani abokina ne ya wanke tabon tufar mara lafiya ya yayyafa wa sauran, ko ta tsarkaka? Ya ce ta tsarkaka, a yi salla da ita. Na ji sanyi kaɗan, sai shegen bakina ya ƙara da cewa mai tufar agana ce ta kashe shi. Malam ya janye ƙafarsa daga kusa da ni.

"Kai, bawan Allah! Tambayar salla ka yi mini na ba ka amsar salla. Ka tambaye ni agana? Yayyafi shakka yake kawarwa, wa ya ce maka yana kashe cuta? Ka gaya wa abokin naka ya je ya gyara ɓarnarsa tun kafin ta kai wani gida."

Daga yadda ya ja kalmar abokin na san ya gane ni. Na fito kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe ba karatun ne ya yaudare ni ba, ni ne na ɗauki mabuɗin wata ƙofa na je ina murɗa wata.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekaranjiya Juma'a matar Salifu ta haihu, namiji. Suna ya faɗo Juma'a mai zuwa, daidai da sadakar arba'in ta Malam Garba, sai suka ce a haɗa su a yi a Suame, kuma sunan mamacin za a mayar wa yaron. Jiya na je barka, da niyyar in faɗi gaskiya. Na tarar da Salifu a ƙarƙashin motarsa, ya fito yana murna ya rungume ni, ya ce ranar Juma'a zai sa rigar ubansu, a miƙo masa jaririn ya riƙe shi a ciki lokacin da liman zai yi addu'a, don albarkar kakan yaron da ta mamacin ta sauka a kansa. Shi kansa Salifu ba shi da lamba, ranar da 'yan tankas suka je Alabar yana hanyar Suame da adaka, kuma dama ya ce ba mai tsaga masa dantse. 'Ya'yansa uku ma haka.

Na ce, "Salifu, da ka ba ni rigar nan in ɗan dafa ta kafin ranar."

Ya fashe da dariya. "Dafa riga? Nama ce? Soja, aikin asibitin nan ya fara taɓa ka sosai paa."

"Ba wasa nake ba. Ko ka bari sai baɗi."

Sai dariyar ta ɗauke. "Kai da bakinka ka ce ka tsarkake ta. Ko ba ka ce ba?"

"Na ce."

"To ƙarya ka yi?"

Ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya ta rage. Sai na hango Mma Adiza ta zauren, ta biyo ta gaida maijego kafin ta wuce asibiti, ta ɗaga mini hannu tana murmushin da na daɗe ban gani a fuskarta ba. Na ce masa a'a, ban yi ƙarya ba. Ya dafa kafaɗata ya ce to ka zo da wuri, kai ne babban baƙo. Mabuɗin adakar yana rataye a wuyansa tare da na mota.

Kada ku ce tsoron kora ne kawai. Ina jin tsoronta, ban musa ba, ina da mata da 'ya'ya, kuma na san in Sista ta ji sai na tsaya gaban alƙali. Na san 'yan tankas za su je Suame su fito da kayan maijego su ƙone a tsakar gida ana saura kwana kaɗan suna, su rubuta wa Mma Adiza sammaci don ta ɓoye adaka, Zango kuma ya ce Soja ne ya kai ƙarar gidan da ya yi masa aure. Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ita. Yau Mma Adiza tana cewa Allah ne ya ɗauki idon 'yarta, kuma tana iya barci da wannan. Ranar da na buɗe baki za ta san rigar ce. Za ta tuna wa ya buɗe adaka, wa ya ɗauko ta, wa ya rufa wa yarinyar da hannunsa yana lallashi. Ni na kawo, amma ita ta rufa, kuma na san ta, ba ni za ta tsine wa ba, kanta za ta tsine wa har ta mutu. In ce a ƙone rigar ba tare da na faɗi dalili ba, Salifu ya riga ya nuna mini ba zai yarda ba. In shiga gidan in fasa adakar in sace? Gadon mamaci, a gidan da ke cike da mata 'yan barka? In kuma na yi shiru, wa ya sani, wataƙila kwana arba'in sun kashe abin da ke cikin aljihun. Wataƙila. Da wataƙila na yi yayyafin farko.

Yau da safe ina shafa wa Memuna mai a fuska, ta juyo da lafiyayyen idonta ta dube ni ta ce, "Baba Soja, an ce Baba Salifu ya sami jariri. Ka ce masa in yana kuka a rufa masa rigar Baba, yana sa mutum ya yi shiru."

Na ajiye kwalbar man na fita waje, na wanke hannu, na sake wankewa, sannan na nemi takarda.

Na ji ranar Laraba ake buga shafinku. In amsar masu karatu ba za ta iso ni kafin Juma'a ba, kai mai shafi ka rubuta taka a ƙarƙashin wasiƙata, ko layi biyu ne, ko zagi ne. Ba na neman a ce mini ba ni da laifi, na riga na san inda laifin yake. Yau Lahadi. Saura kwana biyar a buɗe adakar nan a miƙa wa Salifu ɗan kwana bakwai. In na yi magana na kashe uwar da ranta, in na yi shiru ban san gado nawa zan shimfiɗa a Bayan Waya ba, kuma ɗaya daga cikinsu ƙarami ne ƙwarai. Don Allah, jama'a, me zan yi?